Man babur ɗin ruwa ya yi kamar madara, in saya ko in haƙura?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin injin ruwa ku taimaka min, kaina ya ɗaure.

Wani zai sayar min da babur ɗin ruwa na hannu, Yamaha WaveRunner, a Lekki, nan Legas. Haya nake so in riƙa bayarwa. Agogonsa ya nuna injin ya yi aikin awa 140, fenti tas, kujera ko tabo babu. Amma da na zaro sandar auna mai, sai na ga man ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara. Mai shi ya ce wai raɓa ce, don ya daɗe a ajiye. Ni dai a mota, abin da na sani, ruwa ne ya shiga inji.

Kuma ya ƙi yarda a sa shi a ruwa. A kan tirela ya tayar, da tiyon ruwa a jone don sanyaya inji, minti biyu ya kashe. Na haska farfela da tocila, bakinta ya ɗan cinye, ga gishiri fari fat a kan notuna.

Canjin mai zai wadatar, ko sai bakanike ya auna matsin silinda tukuna? Mai shi ya ba ni zuwa Asabar in yanke shawara.