Naman sa mai laushi a cikin burodi, da romon tsomawa

Uwargida Garwa: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina son naman sa da zai yi lugub a cusa a dogon burodi, a riƙa tsomawa a romo. Me ke sa wani ya fito da tauri ko an daɗe ana dafawa?

Mai Girki Marwa: Wa alaikumus salam Hajiya. Tun wurin mahauci ake gyarawa. Tsokar cinya ba ta da kitse, bushewa take yi. Ki ce a ba ki ƙwauri, wuya ko ƙirji, kilo 1, dunƙule guda. Jijiyar ce ke narkewa ta ba romo kauri. Ki soya shi a mai cokali 2 har ko'ina ya yi ja, ki zuba albasa 3, tafarnuwa, citta, masoro, da ruwa iya rabin naman. Ki rufe, ki rage garwashi, awa 3 zuwa 4, yana ɗan ɓararraka kawai. Tafasa mai ƙarfi ita ke ƙanƙame nama. In cokali mai yatsu ya shige ba gardama, ya nuna.

Baba Njamena: 'Yata, kada ki sa kanwa don sauri, tana ɓata ɗanɗanon romo. Gishiri da magi kuma sai ƙarshe, don ruwan na tsotsewa.

Yaya Ngaundare: A bar naman ya huta minti 20 a romonsa, a yanka siri-siri a gicciye da zaren tsoka. A kwashe kitsen sama, a tace. Burodin a tsaga a ɗan gasa cikinsa, in ba haka ba yana shiga romo zai jagwalgwale.