Fofirin da Hausa: na tsaya a kan "zoben rini"

Assalamu alaikum jama'a. Na gode da amsoshin da kuka turo tun shekaranjiya. Ga waɗanda ba su ga tambayar ba: ina shirya wa ɗaliban sakandare darasi da Hausa a kan Farfesa Alan Battersby, masanin sinadarai ɗan Ingila da ya rasu a 2018, sai kalmar fofirin ta tsaya mini a wuya. Ba ta tsallakuwa, domin tun da ya koma Jami'ar Kambirij a 1969 a kanta ya ƙare ƙarfinsa.

Abin nan ƙananan zobba huɗu ne suka haɗu suka yi babban zobe mai rami a tsakiya, inda ƙwayar ƙarfe ke zama. In baƙin ƙarfe ya zauna, ga abin da ke sa jini ja yana ɗaukar iskar da muke shaƙa. In aka ɗan taɓa ƙirar zoben aka sa maginiziyam, ga koren ganye. In aka tsuke shi aka sa kobalt, ga bitamin B12.

Hajiyarmu ma'aikaciyar jinya ta ce "jan jini". Hajiya, kalmar ta yi daɗin faɗa, amma ta bar ganye da bitamin a waje. Wani ya ce "sinadarin launi", ita kuma ta yi faɗi, don jan tumatir ma launi ne alhali ba dangi ba ne.

Wadda ta hana ni barci ita ce ta Malam, wanda ya kawo "shunayya". Malam, Allah ya ƙara basira, hujjarka mai ƙarfi ce: asalin kalmar Girkanci ce, sunan wani rini mai ruwan shunayya da ake samu daga dodon koɗin teku, kuma fofirin da babu ƙarfe a cikinsa launinsa ke nan, ja mai sirkin shunayya. Sai dai na gwada ta a kan ƙanwata da ke aji biyar. Da na iso kan ganye sai ta ɗago kai daga littafi ta ce, "Yaya, shunayya kuma ta zama kore?" Nan na gane launi guda ba zai riƙe sunan ba. Amma daga bayaninka na tsinci kalmar rini.

Zobe kuwa aikin Battersby ne ya sa na riƙe shi. Tambayarsa ita ce yadda halitta ke ƙera abin. Sai ya riƙa ba ƙwayoyin halitta abinci mai ɗauke da kabon-13, wato wani nau'in kabon mai ɗan nauyi da ake iya ganewa a gwaji, kamar yadda ake yi wa tunkiya shaida kafin a sake ta cikin garke, daga baya ya duba inda kowace mai shaida ta tsaya. Da haka aka ga cewa ƙananan zobban huɗu ana fara jera su ne a miƙe kamar sarƙa, sannan wani inzayim, wato sinadarin da ke hanzarta aiki a jikin halitta, ya juya na huɗun ya rufe bakin. Daga wannan zobe ɗaya jini da ganye da B12 suke raba hanya. A wajen B12 har ƙwayar kabon ɗaya ake cirewa, zoben ya tsuke ya kama kobalt. Duk wanda ya taɓa kai zoben azurfa wajen maƙeri a rage masa don kada ya zame daga yatsa ya riga ya fahimci wannan matakin. Irin wannan bin sawu ne ya sa aka ba shi lambar yabo ta Wolf a 1989 tare da wani masanin sinadarai, Duilio Arigoni, sannan lambar Copley a 2000.

Ga mai cewa yara da Turanci za su rubuta jarrabawa, gaskiyarka. Zan rubuta fofirin a allo ranar farko, kusa da zoben rini, su san abu ɗaya ne. Amma bayani da tamu zan yi: zoben rinin jini, zoben rinin ganye, na B12 kuma tsukakken zoben rini. Ranar Litinin zan shiga aji da su, da zoben azurfa a aljihu.