Neman kalma: me za mu kira "reasonable accommodation" a littafin ma'aikatan agaji?

Tafinta: Salamu alaikum malamai. Ina fassara littafin horar da ma'aikatan agaji masu aiki a sansanonin gudun hijira da wuraren da ambaliya ko girgizar ƙasa ta afka wa, ranar Alhamis kuma za a kai shi ɗab'i. Kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: reasonable accommodation. A daftarin farko an rubuta "masauki mai kyau", wannan kuwa kuskure ne mai haɗari, domin a sansani akwai sashen matsuguni na gaske, ma'aikaci zai ɗauka tanti ake nufi. Ma'anarta tana sashe na 2 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu ta 2006: gyara ko canjin da ya wajaba a yi wa mutum a wani hali takamaimai don ya samu haƙƙinsa kamar kowa, muddin bai ɗora wa mai yin nauyin da ya wuce kima ba. Ina son abin da bai wuce kalma uku ba.

Malamin Nahawu: Wa'alaikumus salam. "Sassauci" ko "rangwame". Gajeru ne, kowa ya san su.

Hajiya Mai Fafutuka: Allah ya gafarta Malam, waɗannan biyun ba za su yi ba. Sassauci alfarma ce, mai yi yana iya fasawa ba wanda zai tuhume shi. Shi kuwa wannan sashe na 2 ɗin ya ce hana mutum wannan gyara wariya ce. Sashe na 11 kuma ya ɗora wa ƙasashe kare nakasassu a lokacin yaƙi da bala'i. Idan mai rabon abinci ya karanta "rangwame", zai yi ne ranar da ya ga dama.

Injiniyan Ruwa: Kafin a zaɓi kalma, a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Na farko shi ne accessibility, abin da ake ginawa tun farko don kowa, ba sai an roƙa ba. Gangarar keken guragu kada tsayuwarta ta wuce 1 cikin 12, wato dakali mai tsayin santimita 30 yana buƙatar gangara mai tsawon mita 3.6. Ƙofar banɗaki faɗin santimita 90, ta buɗe waje, domin idan mutum ya faɗi a ciki jikinsa zai tokare ƙofar da ke buɗewa ciki. Fili a ciki santimita 150 don keke ya juya. Ƙa'idojin Sphere na 2018, wato ma'aunin da ƙungiyoyin agaji ke bi, sun ce banɗaki ɗaya ga mutum 20, irin wannan mai sauƙin shiga kuma aƙalla ɗaya ga mutum 250.

Na biyu shi ne abin da Tafinta ke nema, kuma na mutum guda ne. Jarka mai lita 20 kilo 20 ce, mai sanda biyu ba zai iya ɗaukarta ba, sai a ba shi ƙanana. Makaho a ja masa igiya daga bakin tantinsa zuwa banɗaki. Wanda ba ya iya tsugunawa a ba shi kujera mai rami. Wanda ba shi da yatsu na'urar rajista ba za ta ɗauki tambarinsa ba, sai a yi masa wata shaidar, in ba haka ba sunansa ya faɗi daga jerin masu karɓar abinci. Kalmar da za a zaɓa dole ta nuna cewa a kan mutumin aka auna.

Baban Ƙamus: To ai Injiniya ya faɗi kalmar da bakinsa: aunawa. Hausa tana da fi'ilin "gwargwada". Ina ba da shawarar "gwargwadawa". Kalma ɗaya tak, ta ɗauki gwargwadon buƙatar mutum, ta ɗauki gwargwadon ƙarfin mai yi. Daidai ruwa daidai tsaki. Turanci sai da ya haɗa kalma biyu, mu ɗaya ta ishe mu.

Alaramma: Me zai hana "rukhsa", wato sauƙin da shari'a ke yi wa mai uzuri? Wanda ba ya iya tsayuwa ya yi salla a zaune, hukuncin bai faɗi ba, hanyar ce ta canza. Ma'anar ta zo daidai.

Baban Ƙamus: Alaramma, ranka ya daɗe, kullum aka rasa kalma sai a ruga Larabci ko Turanci, kamar harshenmu maraya ne. Ga tushe a gida an tsallake shi.

Alaramma: Malam, "haƙƙi" da "wajibi" da "hukunci" duk daga ina suka zo? Harshen da ya ari kalma ya narkar da ita bai ƙasƙanta ba.

Malamin Nahawu: Wannan gaskiya ne, amma "rukhsa" ba ta narke ba tukuna, a zauren karatu take. Kuma littafin na ma'aikata ne na kowane addini. Matsalar "gwargwadawa" daban ce: tana neman karɓau. Gwargwada me? Ka ce "an hana shi gwargwadawa", mai sauraro zai jira ƙarashen zance.

Baban Ƙamus: Kowace sabuwar kalma haka take farawa. A sa ta a littafi ɗaya, a maimaita ta a rediyo wata uku, za ta zauna. Rashin ƙarfin halin masu fassara ne ya sa har yau muke jan jimla guda a inda wasu ke da kalma.

Mai Gabatar da Shiri: Baba, a lokacin zaman lafiya zan yarda. A lokacin gudu ba a koyar da kalma. Sanarwar kwashe mutane daƙiƙa talatin ce, kuma ita kanta ba ta isa ga kurma ta lasifika ko jiniya, sai da tuta, fitila ko bi tanti-tanti. A bala'in tsunami na Japan a 2011, yawan mace-mace a tsakanin nakasassu ya ninka na sauran jama'a sau biyu. Ni "gyara daidai buƙata" nake gani. Wanda bai taɓa shiga aji ba zai gane.

Wani abu kuma, Tafinta: "nakasassu" kika sa ko "masu buƙata ta musamman"?

Hajiya Mai Fafutuka: Don Allah kada a sa "buƙata ta musamman". Ruwa da banɗaki da abinci buƙatun kowa ne, hanyar kaiwa gare su ce aka toshe. Kuma a takardun agaji wannan laƙabin yana haɗa masu ciki da tsofaffi da marayu, sai nakasassu su ɓace a cikin taron. "Masu nakasa" ya fi, mutum ne a gaba.

Baban Ƙamus: Nan ma kwaikwayon Turawa ne. Wa ya ce "nakasasshe" zagi ne?

Hajiya Mai Fafutuka: Masu abin za a tambaya, Baba, su ma kuma bakinsu bai zo ɗaya ba. Amma ga abin da aka sani a wajen rajista: in ka tambayi magidanci ko akwai nakasasshe a gidansa, sau da yawa zai ce babu. Shi ya sa tambayoyi shida na rukunin Washington, wato ƙwararrun ƙididdigar nakasa, ba su ambaci kalmar ko sau ɗaya ba. Suna tambayar wahalar gani, ji, tafiya ko hawa matakala, tunawa ko tattara hankali, wanka ko sa tufafi, da fahimtar juna a magana. Amsa huɗu ce: babu wahala, akwai kaɗan, akwai sosai, ba ya iyawa sam. Wanda ya ce "sosai" ko "sam" a ɗaya daga ciki shi ake ƙirgawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu nakasa kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya ne, don haka rajistar da ta nuna kashi 2 a sake duba yadda aka yi tambayar.

Injiniyan Ruwa: Mu koma kan kalmar. "Gyara daidai buƙata" ta yi mini, sai dai ta zubar da iyakar, wato kada nauyin ya wuce kima. Ma'aikaci zai ce ba shi da kuɗin biya wa kowa buƙatarsa, ya watsar da duka. A bayyana masa cewa yawancin gyaran araha ne: layi na daban, wurin zama a inuwa, raba buhu mai kilo 50 gida biyu, rubuta sunan wakili a katin rabo. Wakilin ma a riƙa bibiya, domin wasu suna yanke rabo kafin ya isa hannun mai shi.

Tafinta: Na gode ƙwarai. Zan sa "gyara daidai buƙata", a wurin da ta fara fitowa kuma in ƙara bayani: haƙƙi ne, ana yin sa gwargwadon hali, hana shi wariya ce. "Masu nakasa" a cikin littafi, tambayoyin rajista kuma ba kalmar nakasa ko ɗaya. Accessibility na sa "sauƙin kaiwa" na wucin gadi.

Malamin Nahawu: "Sauƙin isa" dai. Kaiwa tana iya nufin wani ne zai kai shi.

Baban Ƙamus: Jimla ce kuka zaɓa, ba kalma ba, kuma da kuka zo bayani sai da kuka dawo kan "gwargwado". Tunda Alhamis ta matso, a tafi da ita. Amma a sa "gwargwadawa" a jerin kalmomin ƙarshen littafi, a bugu na biyu mu sake zama.