Yatsun yaro sun kumbura bayan ɗori: mu jira ko mu je asibiti?

Maman Tagwaye:
Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 9 ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye a hannu, jiya mai ɗori ya ɗaure shi da karare, amma yau yatsunsa sun kumbura sun yi sanyi, kuma ihu yake yi idan an miƙar da su. Haka ɗori yake da farko?

Malamin Jinya:
Wa alaikumus salam. Hajiya, don Allah kada ku kwana da shi haka. Alamun nan na nuna ɗaurin ya matse jijiyoyin jini, kuma idan jini ya daina isa ga tsoka na wasu sa'o'i, naman yakan mutu, abin da kan kai ga yanke hannu. A sassauta ɗaurin yanzu, a kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashin.

Baba Tsoho:
Idan kuna Kano, ku nufi Asibitin Ƙashi na Dala. Ƙashin yara yakan haɗe da wuri, galibi cikin mako 4 zuwa 6, amma karayar kusa da gwiwar hannu ita ce mai haɗari, wani lokaci sai an sa ƙarfe. Allah Ya ba shi lafiya.

Maman Tagwaye:
Amin, na gode. Mun sassauta, yanzu za mu tafi.