Mun tafi mu shida, mun dawo mu biyar

Na Rijiyar Ɗorowa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da la'asar anka kawo mani babur ɗin abokina marigayi daga Nijar a bayan motar albasa. Yana nan zaurenmu, na lulluɓe shi da tabarma, kuma tun jiyan ban runtsa ba.

Farkon 2023 ne, cikin hunturu, munka tashi mu shida bisa babura zuwa Damagaram. Hanyar kun san ta: Kware, Gwadabawa, Illela, a ƙetara Ƙonni, sannan a miƙi kwalta ta Galmi, Madawa, Maraɗi, Tasawa. Abokin nawa shi ne mai rufe mana baya, don shi kaɗai ya iya gyara a cikinmu. Duk wanda sarƙa ta tsinke wa, shi zai jira. A dawowa, bayan mun wuce Gidan Rumji, hazo ya yi kauri har ba ka ganin mota sai ta zo gab da kai. Na duba madubi ban ga fitilarsa ba. Na ce ko ya tsaya kama ruwa ne. Da na juya, sai ga amalanken jaki a kife gefen hanya, babur a kwance, shi kuma can gaba cikin yashi yana kallon sama. Hular kwanonsa tana ɗaure a bayan sirdi, tun Maraɗi ya cire ta don ciwon kai. Na ɗora kansa bisa cinyata ina laƙƙana masa kalmar shahada, leɓensa na motsi. Bai kai Madawa ba.

Jandarmomi sunka zo sunka auna wurin, sunka riƙe babur. Kafin likita ya ba da takarda magariba ta yi. Na kira mahaifinsa, ya yi shiru har na zaci layi ya yanke, sannan ya ce ƙasar Allah ce duka, mu rufe shi nan. Mutanen da ba su taɓa ganinmu ba su sunka yi masa wanka. Wani tela ya kawo likkafani, ya ƙi karɓar ko dala. Yaron da ke kora jakin, wanda bai fi shekara goma sha biyu ba, yana sahun baya yana kuka har anka sallame.

Ana cikin neman takardun sakin babur aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli, boda ta rufe, sai Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Ni kuma daga nan na riƙa ja da baya. Tun sadakar uku ban sake taka gidansu ba. Duk wanda irin haka ta taɓa samu, don Allah ya gaya mani yadda ya yi ya tsaya gaban uwar mamaci.

Ɗan Kanwuri:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan shi, ya haƙuri ɗan uwa? Mu namu ya same mu ne kusa da Abalak, kan hanyar Tawa zuwa Agadas, za mu kallon taron makiyaya na Ingal cikin Satumba. Rami ya jefar da ɗaya daga cikinmu, ya rasu. Ni ne madugu, ni na nace sai mun kawo shi gida. Mun yi hayar a-kori-kura, mun kwana muna jiran sa hannu, kowane shinge sai a sauko a buɗe a duba takarda. Ga rana. Ba zan faɗi halin da muka iso da shi Sakkwato ba, saboda mutuncinsa. Annabi (SAW) ya yi umurni a gaggauta jana'iza, ni kuma na jinkirta ta don kar a ce na baro shi a daji. Har gobe abin yana ci na. Ku kun yi daidai.

Maman Ummi:
Ku yi haƙuri maza, zan yi magana daga cikin gida. Yayana ya rasu a irin wannan tafiya, can aka binne shi. Ba na jayayya da malamai kan gaggawa. Amma ku sani Inna ta yi shekara guda, duk babur da ya tsaya ƙofar gida sai ta ɗaga labule. Wanda bai ga gawa ba zuciyarsa ba ta saurin yarda.

Abin da ya fi yi mana ciwo kuwa, kafin kowa ya kira, wani daga cikin abokan tafiyar ya riga ya sa hoton babur ɗin a Facebook da "Allah ya jiƙan ka". Ƙanwata ce ta gani tana tsakiyar tuƙa tuwo. Ta gane shi da wani ɗan ƙyalle ja da yake ɗaure wa madubi. Haka labari ya shigo mana.

Malam Na Rijiyar Ɗorowa, ka je. Ba zaginka za ta yi ba. Mutum ɗaya ne cikin abokan yayana ya yi ƙarfin hali ya zauna gaban Inna. Ta tambaye shi me ya ci da safe, ko ya yi azahar, a wane gefe ya kwanta, ko akwai itace kusa da kabarin. Ya gaya mata akwai aduwa. Daga ranar ta daina ɗaga labule. Kai ka ga leɓensa na motsi da shahada, kuma kana riƙe da wannan labari shekara biyu ba ka kai mata ba?

Makanike daga Mabera:
Allah ya gafarta musu baki ɗaya. Ni dai tun da namu ya faɗi bayan Ƙonni, wayarsa a kulle, layinmu na Najeriya ya ɗauke, muka rasa lambar ko mutum ɗaya na gidansu, ba na tashi da ayari sai kowa ya rubuta lambar waliyyinsa a takarda ya ba madugu, an kuma canza sefa tun Illela. Wanda ya cire hular kwano, ayari ya tsaya har ya mayar. Na yi faɗa da aminina a kan wannan, wata biyu ba ya gaishe ni.

Baba mai fataucin albasa:
Ɗana, shekara talatin nike bin hanyar nan, na rufe yaran mota biyu ƙasar Nijar. Abu guda nike son ka ji. Babur ɗin nan ba abin tunawa ba ne da za ka aje zaure, gado ne. In ya bar ɗiya, haƙƙin marayu ne ka kwana da shi. Kada ka gyara shi, kada ka wanke, sai sun ce. Ka samu dattijon unguwa ko liman ya raka ka, ka fara da uban, ka miƙa makulli da takardu a hannu nai gaban shaidu. Kuɗin da ka kashe wajen fanso shi, in kana da hali ka yafe. Kabarin kuma, in ka tashi zuwa ka yi mani magana, motocinmu suna lodi Galmi, daga nan Madawa ba nisa. Ka riƙe goro ka kai ma telan nan.

Na Rijiyar Ɗorowa:
Na gode Baba, na gode Ɗan Kanwuri. Yaya Maman Ummi, maganarki ta sa ni hawaye a shago gaban mutane. Ya bar yarinya ɗaya, tana goyo lokacin, yanzu an ce har ta shiga Islamiyya. Na yi magana da limaminmu, ya ce in Allah ya kai mu Juma'a bayan an sauko mu tafi tare. Babur ɗin ba ya tashi, kuma ba zan taɓa shi ba kamar yadda Baba ya ce, da hannu zan tura shi. Akwai itace kusa da kabarin, gawo ne babba, ta gabas. Zan gaya mata.