Me ya sa zaki ke kashe kura amma ba ya cin namanta?

Jikan Maharbi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san daji, ko maharba, ko makiyaya, ko waɗanda suka yi karatun dabbobi.

Daren jiya ƙanena ya turo mini wani ɗan bidiyo a waya, bai kai minti biyu ba. Kuraye ne, na ƙirga goma sha ɗaya, sun yi dandazo a kan jakin dawa suna ci, bakuna duk jini, wannan ta fizga waccan ta fizga. Can sai ga wani ƙaton zaki mai baƙar geza ya ɓullo daga cikin ciyawa a guje, ko gurnani bai yi ba. Duk suka watse, sai guda ɗaya da ta tsaya jan cinya. Ya cim mata, ya make ta da hannu ɗaya ta wuntsila, ya kafa mata fiƙa a gadon baya ya girgiza, sannan ya sake ta. Tana ta jan jiki da ƙafafun gaba, na baya sun mutu. Shi kuwa ya tsaya yana haki, ya dube ta, ya juya ya nufi wajen naman. Ko lasar ta bai yi ba.

Abin ya tsaya mini a rai ne saboda kakana, Allah ya jiƙansa. Maharbi ne a ƙasar Alkaleri, ya yi harbi da kwari da baka a bakin kogin Gaji tun kafin a keɓe dajin Yankari a 1956. Ya sha gaya mana cewa naman daji ba ya kisan banza, in ya kashe to ci zai yi. Kura kuwa a wurinsa ba ta cikin mafarauta. Ya ce 'yar bin sawu ce, ta jira zaki ya ƙoshi ta zo ta kwashe ƙashi.

Amma ni da idona na ga wani abu daban. Ina ɗan shekara tara ko goma, da sanyin hunturu, kura ta shigo bayan gidan maƙwabcinmu inda yake ɗaure jakinsa. Da asuba muka tarar da guntun igiya a jikin turke, ga sawun jan nama har bakin rafi. A can muka iske kai da kofato biyu. Wannan jakin lafiyarsa lau, a ranar ma ya kai itace kasuwa. Ba mushe ba ne.

To, don Allah: me zaki ke nema da ya kashe abin da ba zai ci ba? Kuma tsakanin su biyun, wa ke cin gumin wa?

Malamin Kimiyya

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Abin da ya faɗa shi kowa ya ɗauka, har masana na Turai, kuma dalili ɗaya ne ya ruɗe su duka: mutum da rana yake ganin daji. Gari ya waye ka tarar da zaki kwance a kan nama, kuraye na zagaye daga nesa suna lasar baki, sai ka yanke hukunci. Abin da ya faru da tsakar dare ba ka gani ba.

Wani masani ɗan ƙasar Holan, Hans Kruuk, shi ya fara zama ya bi kuraye cikin dare, a dajin Serengeti da kwarin Ngorongoro a Tanzaniya, a shekarun 1960. Da farin wata yake bin su a mota. Ya gano cewa a Serengeti kusan kashi biyu cikin uku na abincinsu su suke kashewa da kansu, a Ngorongoro ma ya zarce haka nesa. A wannan kwarin, zakuna ne suka fi ƙwace wa kuraye, ba kuraye ke ƙwace wa zakuna ba. Ni ina kyautata zaton jakin dawan da ka gani a bidiyon, su suka kayar da abinsu.

Farautarsu ba iri ɗaya ba ce. Zaki ɗan sanɗa ne. Yakan lafe a ciyawa ya yi ta rarrafe har ya matso kamar taku talatin, sannan ya zabura. In bai kama a cikin mita ɗari ko ɗari biyu ba, ya haƙura, don ba shi da dogon numfashi. Sau huɗu ko biyar zai kai hari kafin ya dace sau ɗaya. Kura ba ta ɓuya. Shiga garke take yi ta tarwatsa shi, ta tsaya tana kallon wa ke ɗingishi, wa ya tsufa, wace ce mai ciki. In ta zaɓa, shi ke nan, ta bi shi kilomita uku, huɗu, har biyar, gudunta na kaiwa kilomita 60 a awa. Zuciyarta, in an gwada da girman jikinta, ta kusa ninka ta zaki. Gajiyar da dabba take yi. Shi ya sa ba ta shaƙe wuya kamar zaki, ta ciki da cinya take farawa tun dabbar na tsaye.

Yanzu ga amsar tambayarka ta farko. Akushi ɗaya suke ci, wuri ɗaya, lokaci ɗaya. Duk kurar da ke raye baki ce a kan abincin zaki, kuma in ta sami 'ya'yansa a ɓoye uwar ta tafi farauta, cinye su za ta yi. Saboda haka kisan ba na yunwa ba ne, na rage kishiya ne. Haka yake yi wa rabbi da damisa da kyarkeci in ya rutsa su, ya kashe ya bar gawar. A dazuzzuka da dama, in ka cire ɗan Adam, babu abin da ke kashe kuraye kamar zaki.

Su ma ba sa zama kawai a ci da su. A nan karin maganar nan ta sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi take aiki, amma da sharaɗi. An lura a Botsuwana cewa in zakanyoyi ne kaɗai da matasa a kan nama, kuraye kan iya korar su idan sun ninka su wajen sau huɗu. Da zarar akwai babban namiji, lissafin ya rushe. Yana iya kai kilo 190, ita kuwa kura tsakanin 50 zuwa 80 take. Mari ɗaya ya isa.

Ɗan Ruga

Malam, Allah ya ƙara sani. Ni ban yi karatun nan ba, amma a bayan shanu na tashi, daga ƙasar Gaya muna gangarawa da rani har gefen dajin W inda Nijar da Benin da Burkina suka haɗa iyaka. Zaki da kura duk sun ci mana dukiya, kuma da safe ko ba sawu mun san wa ya zo.

In zaki ne, za ka ga huda huɗu a maƙogwaro ko a bisa hanci, ga shaidar farce a kafaɗa. Yakan buɗe ciki ya ja tumbi gefe, wani lokaci har ya tura masa ƙasa. Ya ci cinya da ƙirji, ya bar maka fata da manyan ƙasusuwa da kai. In kura ce, ba abin da za ka binne. Fata, ƙashi, har kofato wani lokaci. Ƙashin cinyar bijimi da mu sai da gatari muke fasa shi, ita tana tauna shi kamar rake don ta kai ga ɓargo. Kashinta ma in ya bushe fari fat yake kamar alli saboda ƙashin da ta ci. Yaro makiyayi da shi yake gane akwai kura a wuri.

Sai dai ina so in kare Baba maharbi kaɗan. Da ya ce matsoraciya, akwai gaskiya a ciki. Ni kaina, ina saurayi, na kori kura biyu daga kan maraƙi da sanda da tocila kawai. Zaki ba ka yi masa haka. Wata shekara zakanya ta kama mana karsana da yamma, rana ba ta ma faɗi ba, mu huɗu muna ihu muna jifa, ta ɗago kai ta dube mu, wutsiyarta na dukan ƙasa, ta yi wani gunji daga ƙasan ciki wanda na ji shi a ƙafafuna. Babanmu ya ce kowa ya ja da baya a hankali, kada wanda ya juya mata ƙeya. Muka bar mata. Kura kuwa lissafi gare ta. In ta ga za ta ji ciwo, sai ta bari ta dawo gobe. Kuma za ta dawo, wannan ba shakka. Maraƙin da na ƙwata, kwana uku tsakani ta ɗauke shi.

Abin da ban taɓa mantawa ba shi ne wani dare da muka ji su suna faɗa a hayin fadama. Kukan kurayen nan mai hawa sama, ɗaya ta yi ɗaya ta amsa daga nesa, har suka taru, sai ƙyaƙyatawa kamar taron mahaukata. Shanunmu duk suka miƙe suka haɗa gindi, maruƙa a tsakiya, ƙahoni waje. Can sai muka ji rurin namiji sau ɗaya. Wallahi kamar an ɗauke ruwa. Tsit.

Malamin Kimiyya

Ɗan'uwa Ɗan Ruga, abin da ka ji da kunnenka shi masu ƙidayar zakuna suke aiki da shi yau. Lasifika suke ɗaurawa a kan mota da dare, su saki muryar kuraye suna ci ko kukan ɗan ɓauna, sai zakuna su taho da kansu a ƙirga su. Zaki ya san wannan hayaniyar nama take nufi.

Na kuma yarda da kai a kan lissafi. Naman daji mai farauta in ya karye ya mutu, babu mai ɗora shi. Ja da baya a wurinsa dabara ce. Damisa, duk da kirarinta na ƙi sabo, in kura ɗaya tak ta zo takan bar mata nama, don haka take haurawa da abin da ta kama bisa itace.

Ƙari ɗaya, don kada a ɗauka gabar zaki da baƙi kaɗai take. Faɗansa mafi muni da ɗan'uwansa zaki ne. Maza kan haɗa kai, biyu ko uku, galibi 'yan uwa ɗaya, su far wa masu riƙe da garken mata. In sun yi nasara, abu na farko da suke yi shi ne kashe jariran da suka tarar. Zakanya mai shayarwa ba ta karɓar namiji sai 'ya'yanta sun kai wajen shekara ɗaya da rabi, shi kuwa mulkin nasa da wuya ya wuce shekara biyu zuwa uku kafin wasu su tumɓuke shi. In 'ya'yan suka mutu, cikin 'yan makonni ta dawo karɓar namiji. Uwayen kan taru su yi faɗa a kan 'ya'yansu, wasu har su rasa rai.

Su kuraye mata ke mulkinsu. Macen ta fi namiji girma, 'yar shugaba kuma takan gaji matsayin uwarta. Jaririn kura da ido buɗe da haƙora ake haihuwarsa, in tagwaye ne tun a rami suke fara gwada wa zai fi.

Tsohon Direba

Sannunku da ƙoƙari. Ni na yi shekaru ina kai baƙi kallon namun daji a Yankari, daga sansanin Wikki mu gangara bakin Gaji da safe da yamma. Giwa, ɓauna, gwanki, gwaggon biri, waɗannan kullum ne. Zaki kuwa duk tsawon aikina ganin da na yi masa bai fi a ƙirga da yatsu ba. Sawunsa a kan yashi muka fi gani, sai ruri da asuba.

Ina karanta ku zuciyata na sosuwa, domin wannan faɗan da kuke bayani a ƙasashen wasu ake ɗaukar hotonsa. Binciken da aka fitar a 2014 ya ce zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma wajen 400 ne, a wuri huɗu: Niokolo-Koba a Senegal, dajin W da maƙwabtansa Arli da Penjari inda mafi yawansu suke, sai Kainji da Yankari. Na Nijeriya gaba ɗaya ba su kai hamsin ba a lokacin.

Kuma ba kura ce ta ƙarar da su ba. Na taɓa tsayawa a kan gawar saniya da wani ya barbaɗa wa maganin ƙwari don haushin an kashe masa ita. Kewaye da ita kura biyu, dila ɗaya, ungulu kuwa na daina ƙirgawa a ashirin. Ɗan Ruga, ban ce asararku ƙarama ba ce, na san saniya ita ce bankin makiyayi. Amma guba ba ta tambayar wa ya yi laifi.

Ɗan Ruga

Baba Direba, gaskiya ka faɗa, kuma na san masu yi. Babanmu bai taɓa yarda ba. Shi shingen ƙaya yake sa mu yi mai kauri, a hura wuta, karnuka a waje, maruƙa kusa da bukka. Shekarar da muka yi sakaci da shinge ita ce shekarar da muka fi asara.

Jikan Maharbi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na koma na sake kallon bidiyon bayan bayanin Malam, sai na lura da abin da ban gani ba da farko: kafin zakin ya iso, kurayen ne jini ya jiƙe wa wuya da ƙirji, kuma ƙafar jakin dawan tana ɗan motsi. Ashe yanzu suka kayar da shi.

Baba Direba, tambaya ɗaya ta rage mini. A garinmu, rabon da a ji kukan kura da dare tun ina makarantar sakandare. Yaran gidanmu a hannun gardawa kawai suka san ta, da takunkumi a baki da sarƙa a wuya. A cikin Yankari har yanzu ana jin ta? In ana ji, ina so in kai su da rani mai zuwa, mu kwana a Wikki.