Wa ya san filin jirgin Mitiga lokacin yana hannun Amurkawa?

Ɗan Damagaram:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aikin gini a Tarabulus, wajen Suƙ al-Juma. Dattijon da muke yi wa aiki ya ce filin jirgin Mitiga da can garin Amurkawa ne sukutum, har da makarantarsu da gidan silima. Ni na Agadez kaɗai na sani, wanda suka tashi a 2024. Akwai wanda ya ga na Tarabulus da idonsa, ko ya ji daga bakin manya?

Baba Mai Guga:
Wa alaikumus salam ɗana. Gaskiya tsohon nan ya faɗa maka. Wheelus ake kiran wurin. A Tarabulus aka haife ni, mahaifina mutumin Damagaram ne kamarka, ya biyo hanyar Fezzan ya zauna, kuma wanki da guga ya yi wa sojojin nan har ranar da suka tattara.

Ba Amurkawa suka fara gina shi ba. Italiyawa ne, a 1923, suna ce masa Mellaha saboda fadamar gishirin da ke gefensa. Sojan Ingila suka ƙwace shi a watan Janairun 1943, daga baya ya koma hannun Amurka, suka sa masa sunan wani hafsansu da ya mutu a hatsarin jirgi a Iran a 1945. Bayan Libiya ta sami 'yanci a ƙarshen 1951, sai gwamnatin Sarki Idris ta ƙulla yarjejeniya da su a 1954, suna biyan kuɗin haya.

Kai da ka tarar da Libiyar mai ba za ka gane talaucin lokacin ba. Cikin manyan abubuwan da ƙasar ke fitarwa waje akwai ciyawar halfa da ake yin takarda da ita, da ƙarafan tankokin da yaƙi ya bari a hamada. Wanda ya samu katin shiga sansanin kuwa, a unguwarmu attajiri ne. Baba na fita tun asuba a keke, a duba katinsa a ƙofa, da yamma a laluba jakarsa kafin ya fito. Kakin matuƙan jirgi shi ya fi ba shi wahala, suna son kari ya tsaya cak, sai an zuba sitaci kamar za a ɗinke rigar da shi. Wani lokaci matan hafsoshi kan ba shi gwangwanin madara ko tsofaffin takalman 'ya'yansu. Takalmina na farko daga can ya fito, ya yi mini yawa, Inna ta cusa tsumma a ciki.

Abin da ba na mantawa shi ne ƙara. Matuƙansu da ke Turai nan ake kawo su atisaye, domin sararinmu garau yake kusan duk shekara, su tashi su je Al-Watiya su yi ta gwajin harbi da jefa bam. In jirgin ya wuce malam sai ya dakata da karatu, mu riƙe alluna muna jira. Talabijin ma a wurinsu muka fara gani. Suna da tasharsu tun kafin Libiya ta buɗe tata a 1968, masu hali a gari sukan kafa eriya su kama, mu yara mu leƙa ta taga ba ma jin ko kalma ɗaya.

Malama Bakanuwa:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma kamar ka yi musu sassauci. Idan zaman daɗi ake yi, me ya sa jama'a suka fito zanga-zanga a lokacin yaƙin Larabawa da Isra'ila na Yuni 1967, har sai da aka kwashe iyalan Amurkawa ta jirgi? Kuma tun 1964 Jamal Abdul Nasir na Masar yake kira a rufe sansanonin baƙi a Libiya.

Baba Mai Guga:
Amin 'yata. Ban ce an so su ba, cewa na yi an ci abinci a hannunsu. Baba da kansa in ya dawo daga guga, rediyon Alƙahira yake kunnawa yana gyaɗa kai. Bakin teku mafi kyau a wajen nan yana cikin wayarsu, ɗan ƙasa ba ya taka shi sai in shara ya je yi. Wannan ya daɗe yana cin mutane a rai, sai dai yunwa ta hana a yi magana. Da aka haƙo mai a Zelten a 1959 kuɗin hayar ya zama ba a bakin komai ba, bakin kowa ya buɗe.

Gaddafi ya yi juyin mulki ranar 1 ga Satumba 1969, bai ɓata lokaci ba ya ce su fita. Kwamandan sansanin a lokacin baƙar fata ne, Kanar Daniel James, wanda daga baya ya zama baƙin mutum na farko mai tauraro huɗu a sojan Amurka. Su Baba sun yi ta mamakin ganin Turawa na sara masa. Ingilishi suka riga barin sansaninsu na El Adem a watan Maris 1970, Amurkawa kuma suka sauke tutarsu ranar 11 ga Yuni. Ranar an yi ta guɗa a titi, har da mu. Washegari Baba ba shi da aiki, sai da ya yi watanni a gida kafin ya samu wanki a wani kamfanin mai.

Ɗan Damagaram:
Na gode Baba. Ashe shi ya sa. Yanzu ai tun da aka lalata babban filin jirgin Tarabulus a faɗan 2014, ta Mitiga kowa ke tashi, har 'yan uwanmu da ake mayarwa Yamai da Legas.

Baba Mai Guga:
Haka nake ji. Bayan tashinsu Uƙba bin Nafi aka sa masa, Mitiga ya zo daga baya. In ka koma aiki ka tambayi dattijon nan ko ya taɓa riƙe kati, kuma a wane sashe. In ɗakin wanki ne ko kicin, da wuya a ce bai san Baba ba, don Hausawan ciki ba su da yawa.